Ranar da Ba a Ɗaura Igiya Ba

An yi wani mutum a wani gari na ƙasar Mosi, can Burkina Faso, inda na daɗe ina limanci a masallacin bakin kasuwa. Ba zan kama sunansa ba, yana da 'ya'ya. Kansila ne, kuma shi majalisar gari ta ɗora a kan kwamitin da ke sa ido a kan 'yan sandan garin. Man baburansu, kakinsu, ɗaukar sababbi, wurin da kowa zai tsaya aiki, duk sai an bi ta gabansa.

Ya 'yan uwa, mutumin nan ba ɓarawo ba ne. Ban taɓa jin ya ci dala ɗaya ta hukuma ba. Ciwonsa son a gani, kuma shi ya ci shi.

Ya mai da ɗan sanda kayan ado. Kansilan da ya goya masa baya sai ya wayi gari da mai kaki a ƙofar gida. Mai suna, mai biki, mai zaman makoki, in dai babba ne, za a tura masa masu jera wa baƙi babura. To ranar zaman majalisa wa zai tashi ya yi tambaya? In baki ya ci, ido sai ya ji kunya.

Akwai rafi a bakin garin ta arewa. Babu gada, siminti aka shimfiɗa a gindinsa motoci na bi. Muguntar rafin nan, ba ya jiran a yi ruwa a gari. Sai a sheƙa ruwa can kan tudu, nan kuwa ana ƙwalla rana, kafin ka ankara ya taso ja wur. Shi ya sa duk damina ake ajiye 'yan sanda a mashigin. Mutanen ƙauyukan tudu su buga musu waya, su kuma su ɗaura igiya su tare hanya har ruwa ya sauka. Aiki ne da ba mai tafa wa mai yinsa.

Shekarar da aikin Hajji ya faɗo cikin damina, mutumin ya je ya dawo, aka fara ce masa Laji. Ya shirya walimar da yake so a daɗe ana labarinta. Ya kira shugaban 'yan sandan, Kwamanda Pare, ya ce ranar yana son kowa a ƙofar gidansa, har na bakin rafi.

Pare ɗan ƙabilar Samo ne, Laji ɗan Mosi, Samo da Mosi kuwa abokan wasa ne, ba abin da ba sa faɗa wa juna. Ya ce, "Kai bawana, Makka ka je ko kasuwar girman kai? Kwashi waɗanda kake so, ka bar mini na rafi."

Laji ya yi dariya. "Maci kare, yaushe ka zama mai duban hadari? Wuni ɗaya ne fa."

"Yau ba wasa nake yi ba, Laji."

"Ni ma haka. Maganar man baburanku tana zuwa gabana mako mai zuwa. Ka zaɓa."

Pare ya sara masa ya fita. Shi ma yana da amsar da zai bayar gaban Allah.

Ranar walima gari ya yi tas. An yanka raguna, shinkafa tukunya-tukunya, 'yan sanda sun jeru da farin safar hannu, Laji na zaune zuciyarsa fari ƙal. Can kan tudu kuwa sama ta tsage. Mutanen ƙauye suka yi ta bugo waya. Wayar tana aljihun wani ɗan sanda da ke riƙe wa babban baƙo laima a gindin lasifika. Bai ji ba.

A daidai lokacin motar dangin Laji ta taso daga ƙauye. A ciki akwai yayarsa Rasmata wadda ta goye shi, da matan kawunsa, da jikoki, kowa sanye da sabuwar atamfa da Laji ya aika. Direban ɗan hanya ne, ya san ƙa'ida: in babu igiya, hanya lafiya. Ya duba, babu igiya. Ya shiga.

Innā lillāhi wa innā ilaihi rāji'un. A gonakin shinkafa aka yi ta tsinto su. Da hannuna na sallaci waɗanda aka rufe a gari.

Laji ya nufi ƙauye jana'izar yayarsa. Kawunsa Tinga ya tare shi tun a bakin gari, ya ce, "Tsaya nan. Kai ka kira su, kai ka ɗauke masu tsaronsu. Ba za ka ga kabarinta ba." Majalisa ta zauna ta tsige shi, ba wanda bai ɗaga hannu ba. Ina hannayen nan suke tun da farko?

Daga nan hankalinsa ya tafi. Har na baro garin yana zaune a bakin rafin nan, tsakiyar rani, yashi busasshe. Duk motar da ta taso sai ya miƙe ya shimfiɗa hannuwa yana roƙon direba ya dakata, ruwa na zuwa. Direbobi su kauce masa su wuce.

Ya 'yan uwa, kada mai muƙami ya ce tunda bai taɓa kuɗi ba hannunsa tsarkakakke ne. Mutanen da aka sa a ƙarƙashinka amana ne, aikinsu hakkin talakawa ne. Ka ɗauke mai gadi daga inda rai ke bukatarsa ka kai shi inda girmanka ke bukatarsa, me za ka kira wannan in ba cin amana ba? Kai kuma da aka zaɓa don ka yi tambaya ka yi gum, da kai aka tura motar nan cikin ruwa.

Allah ya kiyaye mu da son a gani, ya kiyaye mu da shirun da ke kashe bayinsa. Amin.