Ayashe da Ƙwaryar da Aka Ɗinke

Tun zamanin da ake auna tafiya da kwanaki, an yi wata mai zanen ƙwarya a Kwarin Ɗinya, sunanta Ayashe. Ana yi mata kirari: "Ayashe mai jan ƙarfe, kin sa ƙwarya magana!" Kakanninta sun zauna a tsakiyar kwarin, har wata ambaliya ta binne garinsu da rijiyarsu, jama'a suka warwatsu ƙauyuka bakwai a gindin duwatsu.

Wata shekara wani mayaƙi, Barde Jatau, ya sauka da mutanensa, ya ce kwarin ba shi da mai shi, don haka nasa ne. Dattawa suka ce na kakanninsu ne. Ya kece da dariya.

Ya ce, "Ku nuna mini rijiyarsu kafin ruwan farko, in tashi. In kun kasa, ku ne za ku tashi."

Ba wanda ya san inda rijiyar take. Amma Ayashe ta daɗe da lura da abin da maza ba su taɓa kulawa da shi ba: kowane ƙauye yana da zane guda da uwa ke koya wa 'yarta, kuma kullum zanen yakan yanke a bakin ƙwarya kamar bai ƙare ba. Ta ɗauki sanda ta bi ƙauyukan tana roƙon tsofaffin ƙorai. Dattawa suka ce gari zai tafi, ita tana tara kayan fura.

Da ta sami shida, ta kife su a ƙasa gefe da gefe. Sai zanen ya haɗu! Ga rafi, ga Dutsen Kura, ga hanyar shanu. Ayashe ta rangaɗa guɗa, tana rawa ita kaɗai. Tsakiya kawai ta rage babu komai.

Ta bakwai tana hannun wata tsohuwa, Ige, amma ta hana, don ƙwaryar ta tsage an ɗinke ta da kaba.

Ige ta ce, "'Yar nan, wannan abin za ki kai gaban baƙo? Bar ni da kunyata."

Ayashe ta durƙusa ta ce, "Iya, kunyar nan taki ita za ta tsare mana gari."

Ige ta miƙo ƙwaryar, aka kife ta a tsakiya, sai ga da'ira tsakanin kukoki biyu, kukokin da kowa ke wucewa ta gindinsu kullum. Kwana uku ana haƙa, hadari yana haɗuwa daga gabas. Ran na uku magirbi ya daki dutsen bakin rijiya, da shatin igiyar kakanni a jikinsa. An ce ruwa da kansa ya hau har baki.

Ayashe ta ɗebo a ƙwaryar Ige ta miƙa wa Barde Jatau. Ko ɗigo bai zuba ba. Ya sha, ya juya dokinsa, yayyafi na binsa a baya.

Nan aka kafa garin Rijiyar Ɗinki. Har yau kowace kaka gidaje sukan kai sabuwar ƙwarya mai zanensu zauren Ayashe a rataye, ta Ige tana sama da duka. In ka je aka ba ka ruwa a ɗinkakkiyar ƙwarya, kada ka ɓata rai. Babban baƙo kaɗai ake yi wa haka.