Tsintau da Dila a Ƙofar Akurki

An yi wata tsohuwa mai kiwon kaji a wani ƙauye da ke bakin fadama, ana kiranta Gwaggo Tabawa. Dila ya sa ta a gaba. Yau a rasa ɗan tsako, gobe a rasa budurwar kaza. Da abin ya ishe ta, sai ta shiga neman kare.

Allah da ikonsa, maimakon ɗaya sai ta sami biyu. Maƙwabcinta ya ba ta wani jan kwikwiyo mai sheƙi, ɗan karen farauta, sunansa Sha-kallo. Girman kai kuwa, kai ka ce shi ya haifi zaki. Ɗayan a kan bola ta tsince shi, haƙarƙari duk a waje, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Ta sa masa suna Tsintau. Shi dai ba shi da wata baiwa sai naci.

Gwaggo ba ta ɓoye musu komai ba. Ta ce, "Ku buɗe kunne. Ƙanzon tukunyata ba zai riƙe kare biyu ba. Wanda ya iya gadin kajina shi zai zauna, ɗayan ya koma inda ya fito."

Tsintau ya tuna da bola. Ya san inda ya fito, ya san yunwar can da jifan yara, kuma ko a mafarki ba ya son komawa.

Kashegari da hantsi Gwaggo ta ɗaura musu igiya, ta ja su zuwa gidan Sarkin Baka, shugaban mafarautan garin. Can akwai wata tsohuwar karya, Zuba-ido, wadda ta daina zuwa daji, ta koma horar da kwiyakwiyi a gindin tsamiya. Haƙoranta sun zube, amma harararta kaɗai ta isa ta zaunar da kare.

Ta dube su sama da ƙasa, ta ce, "Ɗan Adam ba ya jin yarenmu, don haka dole mu mu ji nasa. Kalmomin ba su da yawa: zauna, zo, tsaya, bari. Wanda ya riƙe su ba zai kwana da yunwa ba."

Sha-kallo ya yi hamma, ya ce, "Haba Kaka! Ni za a koya wa zama? Ubana shi kaɗai yake kayar da gada. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Zuba-ido ta ce, "Ubanka a nan ya zauna, daidai inda kake tsaye, majina na zuba. Zauna!"

Ya ƙi. Tsintau kuwa garin sauri ya zauna a kan wutsiyarsa, ya wuntsila, ƙafafu huɗu a sama. 'Yan aji suka kwashe da dariya. Sha-kallo har da birgima.

"Ɗan bola! Ko zama bai iya ba!"

Tsintau ya ji kunya kamar ya nutse. Amma ya tashi ya karkaɗe jikinsa, ya ce, "Kaka, a sake."

Haka aka yi ta yi. In an ce zo, ya zo da gudu har ya bangaje malamar. In an ce tsaya, malam-buɗe-littafi ya gifta, ya bi shi. Kullum sai ya sha harara, kullum kuma sai ya ce, "Kaka, a sake." Sannu a hankali jikinsa ya fara jin magana.

Darasin da ya fi ba shi wuya shi ne bari. Zuba-ido takan ajiye ƙashi mai ɓargo a gaban hancinsa, ta ce, "Bari!" Ku tuna fa, wannan kwikwiyo ne da ya taɓa yin kokawa da angulu a kan ƙafar kaza. Yawu ya yi ta zuba, amma ya daure. Sai ta ce, "Ɗauka," sannan ya ɗauka.

Sha-kallo kuwa kafin a rufe baki ya cafke nasa, ya haɗa da na kusa da shi. Daga baya ma ya daina zama a aji. Ya koma bayan danga yana korar ƙadangaru, wai shi farauta yake koyo.

Ranar kasuwar garin, da rana tsaka, ruwa ya ƙare wa Gwaggo. Ta kora kaza da 'yan tsakinta cikin akurki, ta kira karnukan biyu, ta nuna ƙofar da yatsa.

"Ku tsaya nan! Rijiya za ni."

Unguwa ta yi tsit, kusan kowa yana kasuwa. Ashe Dila yana laɓe cikin gero yana kallo. Ya riga ya saci hanjin akuya a bayan mahauta, ya cusa rabi cikin wani tsohon tulu mai ƙaramin baki, ya ajiye tulun a bayan gari. Sauran ya jawo shi a ƙasa, tun daga bakin dangar Gwaggo har can.

Wari ya bugi hancin Sha-kallo. Ya miƙe zumbur.

Tsintau ya ce, "Ina za ka? An ce mu tsaya."

"An ce ka tsaya dai. Ni ba turke ba ne."

"Gwaggo za ta dawo fa."

"Ta dawo mana! Tsakanina da kai wa kake zaton za ta zaɓa? Je ka dubi fuskarka a ruwa."

Ya tsallake danga ya bi wari. Da ya isa ga tulu bai yi wata-wata ba, ya danna kai ciki. Kai ya shiga, fitowa ta gagara.

Shi kuma Dila ya ɓullo ta kafar danga, da guntun hanji a bakinsa. Ya ga ɗan mitsitsin kwikwiyo zaune a ƙofar akurki, ya yi murmushi.

"Sannu da aiki, ƙanena. Kai kaɗai aka bari cikin wannan rana? Zo inuwa mu gaisa."

Tsintau ya ce, "Ba kai ke ce mini zo ba."

"A'a, ɗan yaro da kaifin baki! To ga ɗan abin taɓawa." Ya jefa hanjin can gefe, nesa da ƙofa kaɗan. "Taku uku ne kawai. Wa zai sani?"

Wayyo, warin nan! Yawun Tsintau ya tsinke. Ƙafarsa ta gaba har ta ɗaga da kanta. A bayansa ya ji 'yan tsaki suna tsiyo-tsiyo, uwarsu ta rufe su da fiffike. Ya mai da ƙafar ƙasa, ya haɗiye yawu.

"Bari," ya ce wa kansa.

Dila ya ga lallashi bai ci ba, ya fito da haƙora. "Kauce, ɗan bola, ko in haɗa da kai!"

Tsoro ya kama Tsintau, gaskiya ya kama shi ƙwarai. Amma an ce ya tsaya, kuma tsayuwar ya koya. Ya cika ƙofar da ɗan jikinsa, ya ɓarke da haushi iya ƙarfinsa. Dila ya kai masa cafka a kafaɗa, ya nemi ya tura kai cikin akurki. Nan Tsintau ya sami kunnensa, ya datse, ya rufe ido. Dila ya yi sama da shi, ya yi ƙasa da shi, ya maka shi da bango. Ina! Naci ya riga ya kama.

Gwaggo ta jiyo ihun tun daga hanya. Ta yar da guga, ta shigo da gudu, zani a hannu, ta suri taɓarya.

"Yau na kama ka, ɓarawon banza!"

Tim! a gadon baya. Tim! a ƙugu. Sai da ta ce, "Tsintau, bari!" sannan ya saki. Dila ya fita ta kafar danga yana jan ƙafa, rabin kunnensa ya rage a tsakar gida.

Gwaggo ta leƙa akurki. 'Yan tsaki suna nan cif, ko gashi ɗaya bai faɗi ba. Ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Ana cikin haka sai ga hayaniyar yara. Wani abu ne ke tafe, jikin kare, kan tulu, yana karo da bishiya yana karo da bango. Yara na biye da shi suna tafi, suna waƙar "Mai hular ƙasa, ina za ka?" Sai da aka fasa tulun da dutse, sannan fuskar Sha-kallo ta fito, duk kashin hanji, ƙudaje na bi.

Ya lallaɓo wajen Gwaggo yana kaɗa wutsiya. Ta toshe hanci.

"Kai, matsa can! Na bar ka gadi, ka tafi yawon kwaɗayi." Ta ɗaura masa igiya, ta miƙa wa maƙwabcinta. "Ga kayanka, Malam. Na gode, amma na riga na sami kare."

Sannan ta wanke wa Tsintau rauninsa da ruwan ɗumi, ta jiƙa masa ƙanzo da romo, kwano cike. Ya zauna a gaban kwanon yana kallonta, yawu na ɗiga, bai taɓa ba.

Gwaggo ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Ci, ɗana. Ci ka ƙoshi. Nan ne gidanka."

Darasin wannan labari shi ne, asali da kyan jiki ba sa yi wa kowa gadi, horo ke yi. Wanda ya ƙasƙantar da kai ya koya, ko an yi masa dariya a farko, shi ake yi wa guɗa a ƙarshe. Wanda kuma ya ce ya fi ƙarfin a koya masa, kwaɗayinsa ne zai ja shi har ya cusa kai inda ba zai fito ba.