Layi Biyu da Odile Ta Haɗe

Akwai wata mata a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada mai suna Odile Marchand, tana aiki a wani ƙaramin kamfani mai yin manhajar motocin ɗaukar 'yan makaranta. Mace ce mai son tsari. Ko kofin kofi ta gani a karkace sai ta gyara masa zama.

Da aka mayar da abokin aikinta Tobias Wiebe wani sashe, sai aka miƙa mata fayil ɗin da ya rubuta. Umarni ne layi-layi, wanda na'ura ke bi ta haɗa manhajar a cikin kwantena, wato ƙunshin da ake tura ta a ciki. A ciki akan ba wani suna lamba, duk inda aka sake rubuta sunan da alamar kuɗin dala ($) a gabansa, sai na'ura ta ɗauko lambar ta sa a wurin. Lambar ce ke nuna wace manhaja za a haɗa, sabuwa ko tsohuwa.

Odile ta ga fayil ɗin ya yi tsawo, ta ce Tobias bai iya aiki da tsafta ba. Ta share nan, ta haɗe can, har ya yi kyaun gani.

Bayan kwana biyu aka fitar da sabuwar manhaja, amma makarantu suka ce tsohuwar suke gani. Na'ura kuwa ba ta nuna kuskure ko ɗaya ba. Manajansu Lorne ya ce aikin Tobias ne, kuma da ma yana shawarar kada a sabunta masa kwantiragi.

Odile ta so ta yi shiru, amma tambaya ɗaya ta hana ta sakat: ta yaya za a ba na'ura sabuwar lamba ta ɗauko tsohuwa? Sai ta sa na'urar ta riƙa nuna abin da ta sa a madadin sunan a kowane mataki.

A nan ta gani. Tobias ya ba sunan sabuwar lamba a layi ɗaya, ya yi amfani da shi a layi na gaba. Odile ce ta haɗe layukan biyu suka zama ɗaya. Ashe idan suna layi ɗaya, na'ura lambar da ta sani kafin ta shiga layin take ɗauka, wato tsohuwar.

Odile ta san in ta rufe maganar, laifin zai zauna a kan Tobias. Babu wanda zai bincika. Sannan ta tashi ta sami Lorne, ta ce a kira Tobias, ta nuna musu komai.

"Ni ce na ɓata," in ji ta. "Da gangan ya raba su, ni kuma ban tambaye shi dalili ba."

Tobias ya leƙa allon kwamfutar ya yi murmushi. "Sarauniyar shara, har layukana kika share? Ni ma sun taɓa cinye mini yini guda, shi ya sa na raba su."

"Da ka rubuta dalilin a gefe mana, malam."

"Da kin tako sashenmu. Ba nisa, kuma kofinmu ya fi naku."

A makon nan Lorne ya sabunta wa Tobias kwantiraginsa, ya kuma ce daga yau aikin da ya fi wuya Odile za a ba, domin ita ba ta barin abu sai ta gane shi.

Darasi: Kafin ka gyara aikin wani, tambaye shi abin da ya sa ya yi shi haka. In kuma ka gano laifin naka ne, faɗa da bakinka kafin a ɗora wa wanda bai yi ba. Ku tura wa abokan aikinku, wataƙila wani na shirin yin shara yau.