Benen Da Aka Gina A Kan Kududdufi

Akwai wani tsohon magini a Daura mai suna Zailani. Ba ya sa harsashin gini sai ya zagaye fili da ƙafa, ya ga inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya.

A shekarun da kuɗin fetur suka fara zuba, Alhaji Kabo ɗan kwangila ya kira shi. Ya ce a cike kududdufin unguwarsu, a tsayar masa da benen siminti a wurin.

Zailani ya yi kwana biyu yana dubawa, sannan ya ce, "Alhaji, ruwan duk unguwar nan a nan yake taruwa. In ka toshe, gidajen mutane zai shiga. Ga tudu can hanyar Baure, ka gina a can."

Alhaji ya daka masa tsawa a gaban jama'a. "Kai da ba ka san komai ba sai cuɗa laka, za ka koya mini gini? Baƙin ciki ne ke cin ka! Fice mini daga nan!"

Abin ya yi wa Zailani ciwo ƙwarai. Ya saɓa kayan aikinsa ya tafi.

Aka kawo magina daga Kano, bene ya tashi. Duk sanda motar Alhaji ta wuce Zailani, sai Alhajin ya leƙo ya ce, "Boka, ina ruwan naka?"

Da damina ta yi tsakiya, wata Laraba da hantsi aka tsuge da ruwa har la'asar. Ruwan ya rasa wurin zuwa, ya afka gidajen ƙasa. Gida tara suka zube. Ɗaya na Hajiya Yelwa ne, mahaifiyar Alhaji, katanga ta danne mata ƙafa.

Zailani ne ya tono ta da hannunsa.

Alhaji ya iso a guje yana cewa a kai ta bene. Tsohuwar ta ture hannunsa.

"Kada ka taɓa ni, Kabo. An faɗa maka, ka zagi mai faɗa. Ku kai ni gidan Zailani."

Can ta yi jinya wata huɗu wajen matar Zailani. Har ta rasu ba ta taka benen ɗanta ba.

Darasi: Kafin ka yi gini, duba ƙasa, duba hanyar ruwa, duba maƙwabci. Dukiya ba ta juya wa ruwa hanya, kuma wanda ya raina shawarar masani, nasa ne kan fara cutuwa. Ku tura wa duk wanda kuka san yana shirin gini.