Idon Malam Nomau

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari na bakin tafki, tun zamanin da mota ɗaya ce ke shiga garin, ita ma sai ran kasuwa. Sunansa Malam Nomau. Ku matso, jama'a, ku saurara, don irin waɗannan mutane sun yi ƙaranci. In ba a ba da labarinsu ba, sai yaranmu su ɗauka ba a taɓa yin su ba.

Shi ba malamin zaure ba ne, ba kuma likita ba. Bokonsa bai wuce elemantare ba. A bayan asibitin garin akwai wani ɗan ɗaki mai rufin kwano da taga biyu, inda ake binciken tsargiya, wato fitsarin jinin nan da ke kama yara masu wanka a tafki. Da shara Nomau ya fara a ɗakin, ya koma wankin kwalabe. Wata rana aka ce ya leƙa madubin likita, wanda ke nuna abin da ido ba ya gani. Da ya leƙa, sai aka ga Allah ya ba shi ido. Abin da wasu za su wuce, shi sai ya gano. Daga ranar aka ba shi kujera.

Ga yadda aikin yake. A kawo fitsarin yara a kwalabe, a tace, a ɗora abin da ya rage kan ɗan gilashi, a ɗiga masa launi. Nomau ya sa ido. In ya ga ƙwan tsutsar da ke kawo cutar, ya ƙirga ya rubuta. In bai gani ba, ya rubuta "babu". Sannan a sa wa gilashin lamba, a jera shi a akwatin katako, a kulle. Shekara talatin da ɗaya yana wannan. Kullum da hantsi za ka gan shi bisa baƙin kekensa, farar rigarsa ta sha bula da gugar gawayi, yana ɗaga wa masunta hannu. Likitoci su zo su tafi, shi yana nan. Har ya zama in ana gardama a asibiti, da an ce, "Nomau ne ya duba," sai kowa ya yi shiru. Allah ya jiƙan mutanen da.

To, ana nan sai aka turo sabon likita, Dakta Lurwanu. Ɗan garin ne, ɗan masunta. Yana yaro shi ma ya yi fitsarin jini, kuma Nomau ne ya duba masa. Shi ya sa ko da ya dawo da digirorinsa, bai taɓa kiran sunansa gatsau ba, sai dai ya ce Baba.

Lurwanu ya dawo da buri. Kakarsa takan jiƙa saiwar wani itace ta ba yara masu tsargiya, shi kuwa ya ƙudurta sai ya gano ko da gaske tana magani. Ƙwayar maganin da aka sani daga waje ake kawo ta, wata shekara ta iso, wata shekara shiru. Ya ce in Allah ya sa maganin yana bayan gidanmu, me zai sa 'ya'yanmu su yi ta jiran jirgi? Ya haƙo saiwa, ya shanya, ya daka, ya dafa, ya tace, ya auna. Ya gwada kan ɓeraye. Ya nemi izini, ya zauna da iyaye suka amince, aka ba yaran ƙauyuka uku. Shekara shida, jama'a. Shekara shida.

Sai gilasai suka fara magana. Nomau ya duba, babu. Ya sake ɗaukar wani, babu. Shafi bayan shafi, kusan duk babu. Likita har rawa ya taka a tsakar ɗakin. Ba da jimawa ba takarda ta zo daga hukuma, cewa ya je babban birni ya yi bayani gaban masana. In sun gamsu, za a raba maganin a ƙauyuka arba'in, a daina jiran ƙwayar waje.

Ku riƙe wannan, mu leƙa gidan Nomau. Matarsa Tabawa ta jima tana lura da shi. Ya zo zuba kunu, ya zuba a gefen kofi. Maƙwabcinsa na shekara ashirin ya taho, sai da ya yi magana sannan ya gane shi.

Ta ce, "Malam, idon nan naka fa."

Ya ce, "Idona lafiya lau, Tabawa. Hasken rana ne ya rage kwanan nan."

Ba ƙarya yake yi ba. Yanar ido a hankali take rufe mutum, yau kaɗan, gobe kaɗan, har ya ɗauka haka duniya take. Da masu aikin ido suka zo garin, Tabawa ta tasa shi gaba har layi. Suka duba suka ce yanar ido ce, ta nuna sosai. Aka cire ta idon dama, ya yi mako biyu a gida.

Ran Litinin ya koma aiki yana murna kamar yaro. Ganye ya koma kore, bango ya koma fari, har tsagar da ke jikin taga yana gani. Bai tarar da sabon aiki ba, sai ya ce bari ya gwada sabon idonsa. Ya buɗe akwati ya zaro tsohon gilashi, lamba ɗari biyu da goma sha huɗu. Ya ɗora, ya murɗa madubi.

Sai ga ƙwai. Ɗaya, biyu, biyar, tara, kowanne da ɗan tsininsa, kwance sarai.

Ya buɗe littafi ya nemi lambar. Ga rubutunsa, da hannunsa: babu.

Ya goge madubin ya sake dubawa, suna nan. Ya zaro wani gilashin, ya zaro wani. Cikin goma da ya rubuta wa babu, bakwai da ƙwai a ciki. Ya zauna ya yi tagumi. Ashe ba maganin ne ya kore ƙwan ba, idonsa ne ya daina ganinsu.

Ku saurara da kyau, nan ne wurin. Mabuɗin akwatin nan a aljihunsa yake. A shekara talatin da ɗaya ba wanda ya taɓa sake duba gilashin da Nomau ya duba. Likita kuma ran Alhamis zai tafi. Shaiɗan ya matso, ka san shi ba ya zuwa da ihu. Ya ce, ai ba da gangan ka yi ba. Ya ce, yaron nan Baba yake ce maka, za ka rusa masa aikin shekara shida? Ya ce, sunan da ka gina fa, yau ka ce wa mutane makaho ne ke duba musu 'ya'ya? Mayar da gilashi, rufe akwati, daga yau sai ka kula.

Bayan Azahar ya koma gida. Tabawa ta ajiye masa tuwo, bai taɓa ba. Ta tambaya, ya gaya mata duka.

Ta ce, "Malam, Allah ya san ba ka sani ba."

Ya ce, "Jiya ban sani ba. Yau na sani."

"Za su sallame ka. Kuma garin nan ka san bakinsu."

"Na sani." Sannan ya ce, "Kin tuna Audi masunci, wanda ya kawo mana ƙatuwar tarwaɗa bara? Lambar nan ta ɗansa ce, Sahabi. Ni na dube shi ido da ido na ce ɗansa ya warke. Ya tafi yana sa mini albarka. Yaron yana can tsutsa na cin mararsa, ba mai nema masa magani, don ni na ce babu."

Tabawa ta share ido da gefen mayafi. Ta ce, "To ci tuwonka. Gobe da ƙarfi za ka je."

Washegari ya sami likita a ofis, ya baza takardu yana bitar jawabinsa. Ya ce, "Baba, zo ka ji yadda zan buɗe magana."

Nomau ya cire hula, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Likita, kafin nan, zo ka duba wani abu."

Ya ɗora masa gilashin, ya buɗe masa littafin a gefe. Lurwanu ya duba madubi, ya duba littafi. Ya sake duba madubi. Ya ce, "Wani." Aka ɗora wani. Ya ce, "Wani." A na shida ya miƙe, kujera ta faɗi.

"Tun yaushe?"

"Ban sani ba, Likita. Watakila shekara biyu. Laifina ne, ba na kowa ba."

"Shekara shida, Baba! Jibi zan tafi!" Ya je taga ya tsaya ya ba shi baya. Da ya juyo, muryarsa ta yi ƙasa. Ya ce, "Bari in je in dawo tukuna. In na dawo sai mu bi su a hankali. Wa ya sani, daga ni sai kai?"

Kada ku zarge shi, jama'a. Mutumin kirki ne, amma ɗan Adam ne, kuma abin da ya fi so a duniya ne ke zamewa daga hannunsa.

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, kai ne shugaba, ba ni da ikon hana ka. Amma ƙauye arba'in ne. In aka raba, za a daina kawo musu ƙwayar da ke aiki. Rubutun da ke littafin nan nawa ne, kuma ba gaskiya ba ne. Duk wanda ya tambaye ni, abin da na gani zan faɗa."

Likita ya ɗauki hularsa ya fita. Ranar Nomau ya wuni shi kaɗai, ya share ɗakin, ya tattara 'yan kayansa a jaka, yana jiran takardar sallama.

Ran Laraba da safe sai ga Lurwanu, idanunsa jajur, ya naɗe hannun riga. Ya ce, "Baba, na aika musu ba zan zo ba. Miƙo akwatin farko."

Mako uku suka yi, gilashi ɗari shida da ɗoriya, wannan ya duba, wancan ya duba. Da suka gama, sai ga shi saiwar tana warkar da yaro ɗaya ne cikin huɗu. Likita ya rubuta wa hukuma haka, ya sa hannu. Girman da ake shirin ba shi ya wuce. A kasuwa aka yi ta magana, wasu na cewa tsufa ya kama Nomau, wasu na cewa hassada ce ya yi wa likita. Yana ji, ya ci gaba da aikinsa. Da ƙwaya ta iso, shi ya hau kekensa ya bi ƙauyukan nan uku gida gida. A ƙofar Audi masunci ya durƙusa, tsoho da furfurarsa, ya ce, "Na gaya maka ɗanka ya warke, ashe bai warke ba. Idona ne. Ka yafe mini, ga magani." Audi ya kama shi ya ɗaga.

Nomau ya nemi a sauke shi daga madubi. Likita ya ƙi. Sai dai ya kafa doka, daga ranar kowane gilashi mutum biyu za su duba, ko da na likitan ne da kansa. Nomau ya ƙara shekara huɗu yana koya wa sababbin ma'aikata, sannan ya huta. Lurwanu kuwa ya ci gaba da bincike, ya gano abubuwa masu amfani, ya yi suna. Ranar da Nomau ya rasu, ya taho daga birni, da shi aka ɗauki makara. A wurin zaman makoki ya ce wa dattawa, "Masana sun yarda da maganata ne tun daga ranar da na rubuta musu cewa na yi kuskure. Ni kuwa da an bar ni, da ban rubuta ba."

To, jama'a, yau kowa da waya a hannu. Kullum muna ji an samo sabuwar allurar rigakafi, an haɗa sabon sinadari, an leƙa cikin jinin mutum an ga abin da ba a taɓa gani ba, an harba madubi sama ya hango taurarin da kakanninmu ba su san da su ba. Muna cewa Allahu Akbar, kuma daidai ne. Amma ku sani, duk wannan ilimi a kan abu ɗaya yake tsaye: wani ya duba, ya faɗi abin da ya gani, in kuma ya gane ya yi kuskure ya dawo ya ce na yi kuskure. In babu wannan, maganin da za a ba ɗanka ruwa ne kawai.

Kuskure ba ya sa mutum ya zama maƙaryaci. Sai ranar da ya gane, ya rufe akwati. Kai bakanike, da ka tuna ba ka ɗaure notin birki ba bayan mota ta tafi, ka bi ta? Ke ma'aikaciyar jinya, da kika ga kin ba da ƙwayar da ba ita ba, kin faɗa? Kai malamin makaranta da ka kayar da yaro bisa kuskuren maki, kai magini da ka san ginshiƙin nan bai sha siminti ba, ni kaina da ke zaune a nan in na ba da fatawa na gane ba daidai ba ce, mun koma mun gyara? Kowannenmu akwai abin da shi kaɗai ya sani, shi da Ubangijinsa, kuma akwai wani bawan Allah can da ke cutuwa da shirunmu. Kada ka jira a kama ka. Tashi da ƙafarka ka je ka faɗa, tun yau, tun gyara na da amfani.

Allah ya nuna mana gaskiya, ya ba mu ƙarfin faɗinta ko da a kanmu za ta faɗo. Ku ce amin.