Saƙonnin Ashiru

Ku matso ku saurara da kyau, don in na kai ƙarshe ni zan yi shiru, ku ne za ku yi hukunci.

A Funtuwa an yi wata tsohuwar malamar firamare, Malama Lantana, mai 'ya'ya huɗu: Hansatu, Ashiru, Mudi, da autarsu Sa'adatu. Ashiru ya samu aiki da wani kamfanin haƙa rijiyoyin burtsatse, aka tura shi can cikin Chadi. Matarsa ta rasu wajen haihuwa, don haka jaririyar, Ikilima, a hannun Malama ta tashi.

Kafin ya tafi ya saya wa mahaifiyarsa kwamfutar cinya, ya haɗa mata sola, ya buɗe mata adireshin imel ta hanyar kamfaninsu. Shekara da shekaru yana rubuto mata: zafin rana, garuruwan da suka ga ruwa a karon farko, hotuna, har da muryarsa yana yi wa Ikilima waƙa. Ya kuma jona mata wani ɗan akwatin ajiya baƙi, kamar sabulun wanka, ya saita manhajar da za ta riƙa kwafar fayil ɗin saƙonnin zuwa cikinsa kowace Juma'a, ba sai kowa ya taɓa ba.

Zazzaɓi ya kashe shi a bakin aiki, a can aka binne shi. Kamfanin ya rufe adireshin. Malama ba ta ga gawa ba, ba ta san kabari ba. Abin da ya rage mata shi ne saƙonnin nan, kuma tun ranar da labari ya zo ba ta sake rufe shafinsu ba. Ji take in ta rufe, kamar ta rufe masa ƙofa ne.

Ana nan ciwon zuciya ya kwantar da ita. Wata safiya ta ɗaga murfin kwamfutar, sai ta ji wani ƙas-ƙas a ciki, fuskar ta yi baƙi. Mai gyara ya zo ya duba, ya ce abu mai sauƙi ne, zai wanke kwamfutar tas, ya dawo da komai daga ɗan akwatin. Ya nuna musu sunan fayil ɗin yana nan a ciki. Malama ta yi ajiyar zuciya ta ce a wanke, ya tafi da kwamfutar shagonsa.

Hansatu ce ta hana. Akawu ce a sakatariyar ƙaramar hukuma, ba ta yarda da abin da ba ta buɗe da hannunta ba. Ta jona akwatin a tata kwamfutar, ta ga sunan fayil na nan, amma babu nauyin komai a cikinsa. Ta tono rahoton da manhajar ke rubuta wa kanta, ta bi shi layi-layi har idonta ya yi ja, sannan ta gane. Kowace Juma'a manhajar takan share tsohon kwafi don ta ba sabo wuri, sai ta tarar da fayil ɗin a buɗe, ta kasa ɗauka, ta ajiye fanko, ta ce an gama. Hansatu ta ruga shagon mai gyara ba ko mayafin kirki, ta tarar ya kunna kwamfutar zai fara, ta zare wayar wutar.

Da ta yi wa mahaifiyarta bayani, Malama ta daɗe tana kallon rufin ɗaki.

"Ke nan ni ce na share su?"

"Inna, ba ki sani ba ne."

Tun daga ranar Malama ta daina cin abincin kirki. Ta kira su ukun ta ce, "Na san ba tashi zan yi ba. Wanda ya dawo mini da maganar Ashiru, shi zan bar wa riƙon 'yarsa."

Mudi bai san komai ba a harkar kwamfuta, hatsi yake sayarwa. Amma shi ya rufe rumfarsa ana tsakiyar kaka, ya naɗe faifan ajiyar da aka ciro daga cikin kwamfutar a tsumma, ya tafi Kano. Masu gyara suka yi ta mayar masa, suna cewa wannan ya mutu. A ƙarshe wani ya ce zai gwada, in an samo wani faifai irinsa sak da za a ciri kayan ciki. Mudi ya shiga kasuwar tsofaffin kaya yana tona tarin ƙarafa, har Allah ya sa ya dace. Aka kwaso fayil ɗin daga mataccen faifan zuwa sabo. A hanyar dawowa motarsu ta faɗa rami, hannunsa na dama ya karye gida biyu. Da aka jawo shi, na hagun na dafe da aljihun ƙirjinsa, inda sabon faifan yake. Hannun bai sake miƙewa daidai ba.

Fayil ɗin kuwa ya ƙi buɗuwa, don ya ji rauni. Sa'adatu, wadda ke karatun kwamfuta a jami'a, ta baro jarrabawarta ta dawo gida, ta san kuma shekarar ta tafi ke nan. Ta fara yin kwafi ta ajiye gefe, sannan ta yi ta bi da manhajar gyara, in manhajar ta tsaya ta sake, har ya haɗu. Sai ya nemi kalmar sirri, wadda tsohuwar kwamfutar ce ke riƙe da ita, ta kuma tafi da ita. Aka gwada sunan Ikilima, aka gwada na marigayiya matarsa, aka gwada na Malama, duk a banza. Can sai Sa'adatu ta tuna sunan tsokanar da Ashiru ke kiranta da shi suna yara, sunan da ta tsana, wanda babu mai saninsa sai su biyu. Ta rubuta shi. Ya buɗe.

Ba duka suka dawo ba. Saƙonnin watanninsa na ƙarshe sun tafi har abada. Amma muryar tana nan. Aka kai kwamfutar Sa'adatu bakin gadon Malama aka kunna, Ashiru ya fara waƙa, Ikilima ta leƙa bayan kwamfutar tana neman mai yi.

Malama ta saurara hawaye na gangara cikin kunnuwanta. Ta dubi Hansatu, ta san ba don ita ba da an wanke komai tun ranar farko. Ta dubi hannun Mudi a ɗaure, ta san ba don shi ba da maganar na nan cikin mataccen ƙarfe. Ta dubi Sa'adatu, ta san ba don ita ba da abin da aka kawo kulle ne babu mabuɗi. Ta buɗe baki za ta ambaci suna, ta rufe. Ta ce su ba ta zuwa gobe.

Kafin azahar ɗin ranar Malama ta cika.

Bayan addu'ar bakwai dangi suka taru a tsakar gida. Ikilima na zaune a tabarma da ƙullin kayanta, su ukun kowa ya gyara mata wurin kwana a gidansa, kowa kuma da gaske yake sonta.

To, ku da kuka ji, a hannun wa za a sa yarinyar nan?