Kyanwar Inno da Ledar Maganin Sada

Akwai wani ɗan kasuwar hatsi a Safana mai suna Sada, tun da nake ban ga mai taurin kai irinsa ba. Bai taɓa karatun lafiya ko na yini ɗaya ba, amma kullum akwai baƙar leda cike da ƙwayoyin magani a but ɗin babur ɗinsa. Ka ce kanka na ciwo, kafin ka rufe baki ya ɓallo maka. Ka ce akuyarka ta ƙi kiwo, ita ma ya ɓallo mata. 'Yan kasuwa suna ce masa Dakta don tsokana, shi kuwa ya ɗauka sarauta aka naɗa masa.

Mahaifiyarsa Inno tana zaune a Darini. Tun da mijinta ya rasu, 'ya'ya suka watse neman abinci, ba ta da abokiyar hira sai wata farar kyanwa. Ita ke kore mata ɓeraye daga buhunan wake, ita ke kwanciya a gefen tabarmarta in tana lazimi. Ko tuwo Inno ba ta kaiwa baki sai ta gutsura mata.

Wata Juma'a Sada ya goyo matarsa Mahfuza suka zo gaishe ta. Bayan an gama gaisuwa, an tambayi yara da kasuwa, Inno ta nuna kyanwar da ke kwance a bakin murhu.

"Auta, dubi 'yar nan tawa. Sai atishawa take, ido na ruwa, ko romo ta ƙi lasa."

Mahfuza ta ce, "Baban Nazifa, ina da lambar malamin dabbobin nan na Batsari da ya yi wa tumakinmu allura. Bari mu tambaye shi."

Sada ya yi dariya har da buga cinya. "Likita don kyanwa? So kike a yi da ni a kasuwa? Gobe kuma sai ki ce mu kai ƙadangare awo. Mura ce kawai, ga maganinta a babur."

"Ai jikinta ba irin namu ba ne."

"Jini da tsoka ne dai, ko? Ki bar ni da aikina, Hajiya Likita."

Jama'a, ku ji fa. Wai aikinsa.

Ya fito da farasitamol, ya murƙushe ƙwaya a cokali, ya dama da kindirmo. Kyanwa ta kau da kai, ta yaƙushe shi, duk da haka ya matse mata baki ya ɗura.

Inno ta ce, "Anya kuwa, Auta?"

"Inno, ke sau nawa na ba ki wannan kika miƙe? Ga wata nan, da safe ki ba ta. Kafin azahar za ki ga tana bin ɓera."

Tsohuwa ta karɓa ta ƙulle a gefen zane. Me za ta ce? Ɗanta ne, kuma daga gari ya zo.

Washegari da hantsi maƙwabciyar Inno ta kira waya, ta ce a zo, tsohuwa tana ta kuka. Da suka isa, fuskar kyanwar ta kumbura, ƙafafunta sun kumbura, miyau na dalala, numfashi take sama-sama. Inno ta rungume ta a cinya tana fifita mata da faifai.

Kun san abin da Sada ya ce? Wai maciji ne ya tofa mata. Har ya fara laluben leda zai ƙara wani maganin.

Mahfuza ta ɗauko wayarta. Ta kira malamin dabbobi, ta buɗe muryar waya kowa na ji. Mutumin ya saurari bayani, ya ce a ɗaga leɓenta a duba dasashi.

"Ya yi duhu, kamar ƙasa-ƙasa," in ji Mahfuza.

"Wane magani aka ba ta?"

Mahfuza ta juya ta kalli mijinta. Can Sada ya ce, "Ɗan farasitamol ne kawai, Malam."

"Subhanallahi. Ai wannan guba ce ga kyanwa. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Ku kawo ta yanzu, kada ku tsaya komai, ko Allah zai sa a ci sa'a."

Aka sa ta a kwali, Mahfuza ta riƙe a bayan babur. Sada da ya ce ba za a gan shi da kyanwa a gaban likita ba, shi ne ke sharara gudu yana danna wa masu jakuna hon. Ba su kai Batsari ba Mahfuza ta taɓa kafaɗarsa ta ce ya tsaya. Kwalin ya daina motsi.

Da suka komo, Inno ta buɗe kwalin ta daɗe tana kallo. Sada ya durƙusa ya fara cewa kwananta ne ya ƙare, kuma zai kawo mata wata, ko biyu ma in tana so.

Inno ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Ta safen nan da hannuna na ba ta, Auta. Tana ƙi ina lallashinta, ina ce mata ta sha, ɗana ne ya kawo."



Darasi: Maganin mutum ba maganin dabba ba ne. Abin da ya sauke maka zazzaɓi yana iya hallaka kyanwa, kare ma magungunan ciwon jikinmu suna lalata masa hanta da ƙoda. Haka masu shafa wa kare baƙin mai don ƙazuwa, da masu watsa masa maganin feshin gona don kaska, ku ji tsoron Allah ku daina. Dabba ba ta da bakin da za ta ce ka cuce ta, amma amana ce a hannunka. In ba ka sani ba, ka tambayi malamin dabbobi, ba zai rage maka girma ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman Daktan gidanku, don kowane gida da nasa.